Waƙar Haiku ta Ƙasar Japan da Yadda Ta Ke Zancen Mutuwa

Wanda ya saba da rubutattun waƙoƙin Hausa da na Larabci ya kan auna mawaƙi da yawan baitocinsa. Idan aka ce wane ya yi waƙa mai baiti ɗari, ƙafiyarta ba ta kauce ba tun daga farko har tammat, sai a ce lalle wannan ya isa. To, a ƙasar Japan, can gabas da ƙasar Sin, akwai wata irin waƙa wadda a ke gama karanta ta kafin a sauke numfashi guda. Sunanta haiku. Ba ta da ƙafiya, ba ta da yabon buɗewa, ba ta da addu'ar rufewa, kuma sau da yawa abin da ke cikinta bai wuce kwaɗo ko ciyawa ko raɓa ba. Duk da haka mutanen ƙasar sun yi shekara fiye da 300 suna ɗora mata abin da ya fi kome nauyi a zuciyar ɗan Adam, watau zancen mutuwa. Abin dubawa shi ne ko ɗan akushi irin wannan ya iya ɗaukar tuwon da a ke cewa yana ciki, ko kuwa masu karatu ne ke cika shi da abin da suka zo da shi daga gida.

Ba baƙi kaɗai ke wannan tuhuma ba. A cikin 1946 wani malamin Japan mai suna Kuwabara Takeo, masanin adabin Faransa, ya buga wata maƙala a mujallar Sekai. Ya jera haiku 15, goma na mashahuran mawaƙan zamaninsa, biyar na mutanen da ba wanda ya san su, ya cire sunayen duka, ya bar masu karatu su rarrabe. Hujjarsa ita ce ba za su iya ba; in kuwa ba a iya bambanta aikin gwani da na ɗan koyo sai an ga suna, ashe sana'ar ba ta kai a kira ta babbar fasaha ba, sai dai a ajiye ta a sahu na biyu. Maganar ta ta da ƙura ƙwarai, kuma ba ta banza ba ce. Amma kafin a yanke mata hukunci ya kamata a san yadda a ke ƙera waƙar.

Ma'aunin haiku bugu 17 ne, a kashi uku: 5, sa'an nan 7, sa'an nan 5. A kan ce gaɓa 17, amma wannan bai yi daidai sosai ba, gama Japanawa tsawon sauti su ke ƙirgawa. Wasali mai ja bugu biyu ne a wurinsu, harafin n da ya rufe gaɓa shi ma bugu ne mai zaman kansa. Sunan birninsu Tokyo, wanda kunne ke ji kamar gaɓa biyu, bugu huɗu ne. Wannan ba zai ba Bahaushe wuya ba, domin harshensa ma yana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A ɗauki tafi na tafiya da tafi na hannu: rubutunsu ɗaya, amma da lissafin Japanawa na farko bugu biyu ne, na biyu huɗu. Saboda haka haiku ta fi gajarta bisa ga yadda fassara ke nuna ta. A can ma a layi guda a kan rubuta ta, daga sama zuwa ƙasa; masu fassara ne suka saba raba ta layi uku.

Asalinta ba ita kaɗai ta ke tsayawa ba. A dā mawaƙa su kan taru a gidan wani, su yi waƙar haɗin gwiwa, wannan ya kawo baiti mai bugu 5, 7, 5, wancan ya amsa da mai 7, 7, haka har su kai baiti 36 ko 100. Baitin da a ke buɗewa da shi sunansa hokku, kuma babban baƙo a kan ba shi, ya zama kamar gaisuwa ga mai gida. Da ya ke gaisuwa ce, dole ya ambaci lokacin da a ke ciki, kamar yadda mai sallama ke tambayar sanyi ko ruwa. Sannu a hankali wannan baiti ya ɓalle ya zama waƙa mai cin gashin kanta, sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 Masaoka Shiki ya tabbatar mata da sunan haiku. Ta rabu da 'yan'uwanta, amma ta riƙe al'adar ambaton lokaci, kuma a nan ne ƙarfinta ya ke.

Kalmar da ke nuna lokaci sunanta kigo. Shekarar Japan kashi huɗu ce: lokacin toho, sa'ad da sanyi ke janyewa, lokacin zafi, wanda a can shi ne na ruwa da tsawon ciyawa, kaka, sa'ad da ganye ke canja launi ya zube, da hunturu mai ƙanƙara. Akwai littattafai musamman, a na ce musu saijiki, waɗanda suka jera kalmomi bisa ga lokacinsu. Kwaɗo na lokacin toho ne. Raɓa ta kaka ce. In mawaƙi ya ce wata bai ƙara kome ba, watan kaka ya ke nufi. In ya ce fure kawai, furen itacen sakura ne, wanda ke rufe itace fari fat, sa'an nan cikin mako guda ko biyu iska ta kakkaɓe shi. Kowace kalma tana jaye da abin da mawaƙan dā suka ɗaura mata, har ya zama kalma guda ta kan yi aikin da baiti goma za su yi. Ta wannan ƙofa kuwa mutuwa ke shiga ba da sallama ba. Wanda ya ce kaka ya riga ya ce ga hunturu nan tafe, wanda ya ambaci furen sakura ya riga ya ambaci zubarsa. Addinin Buda, wanda ya daɗe a ƙasar, yana koyar da cewa babu abin da ke dawwama, saboda haka mai karatu ba ya bukatar a tuna masa. Nuni ya ishe shi.

Abu na uku shi ne yanka. Akwai waɗansu 'yan kalmomi, irin su ya da kana da keri, waɗanda ba su da wata ma'ana mai kauri, aikinsu su tsai da magana su raba waƙar biyu. Su ne kireji. Mawaƙi ya kan ajiye abu ɗaya a wannan gefe, wani abu a wancan, ya ƙi faɗin abin da ya haɗa su. Ba ya cewa wannan kamar wancan ne. Mai karatu shi zai tsallake ramin da kansa, kuma a wurin tsallakewar nan ne a ke jin daɗin waƙar ko a rasa.

Misalin da kowa ke fara kawowa shi ne na Matsuo Basho, wanda aka haifa a 1644 ya mutu a 1694. Sunan Basho laƙabi ne, na wata irin ayaba ce da wani almajirinsa ya dasa masa a gaban bukkarsa a Edo, garin da yanzu a ke kira Tokyo. Itace ne wanda ba ya yin 'ya'yan kirki a sanyin can, iska kuma ba ta da aiki sai yayyaga ganyensa, shi ya sa mawaƙin ya ƙaunace shi. A 1686 ya yi waƙarsa a kan kwaɗo da tsohon tafki. Shekaru aru-aru kafin shi, in mawaƙin Japan ya ambaci kwaɗo, kukansa ya ke yabo, a bakin rafi mai gudu, kusa da wani fure rawaya. An ce ma almajirinsa Kikaku ya ba shi shawara ya buɗe waƙar da wannan fure, ya ƙi. Ya hana kwaɗon kuka, ya sa shi ya yi abin da kwaɗi ke yi kullum, watau tsalle cikin ruwa, ya mai da hankali ga ƙarar da ruwan ya yi. A gefe guda ga tafki da ya daɗe ba motsi, a ɗaya gefen ga sauti wanda kafin a waiwaya ya wuce. Babu kalmar baƙin ciki a ciki ko ɗaya. Amma wanda ya taɓa zama shi kaɗai a bakin kududdufi da la'asar ya san shirun da ke biyo bayan irin wannan ƙara ya fi na gabanta zurfi. Harshen Japan ba ya tilasta a nuna tilo ko jam'i, har masu fassara suka yi saɓani ko kwaɗo ɗaya ne ko da yawa; amma in sun yi yawa waƙar ta lalace, ta zama hayaniya.

A 1689 Basho ya tashi daga Edo da almajirinsa Sora, suka nufi arewa, tafiyar wajen mil 1,500 cikin wata biyar, yawancinta a ƙasa. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Oku no Hosomichi, wanda aka buga a 1702, bayan mutuwarsa. A cikin tafiyar ya isa Hiraizumi, inda gidan sarautar Fujiwara ya yi mulkin arewa da dukiya mai yawa har sarki uku a jere, inda kuma jarumi Yoshitsune ya halaka a 1189, aka rushe gidan a wannan shekara. Shekara 500 ke nan cif kafin zuwan Basho. Ya hau tudun da aka yi yaƙin, bai tarar da kome ba sai saura. Ya faɗa a cikin labarin cewa ya shimfiɗa malfarsa ya zauna ya yi ta hawaye. Amma a cikin waƙar bai sa hawayen ba. Abu biyu kaɗai ya ajiye, ciyawa da burin mayaƙa, da kalmar yanka a tsakani.

A lura da irin ciyawar da ya zaɓa. Ɗan koyo da busasshiya zai kawo, domin ta yi kama da matattu. Basho ya kawo ta lokacin zafi, kore shar, ta kai ƙugu, tana cikin ganiyar ƙarfinta. Wannan ya fi ciwo, gama ƙasa ba ta yi makokin kowa ba, ta ci jinin ta yi ƙiba. Sa'an nan mai karatu na can ya san ita ma ciyawar watanni kaɗan suka rage mata. Waƙar wa'azi ta Hausa in za ta yi wannan zance sai ta kira sarakunan dā da sunayensu, ta tambayi inda su ke, ta kwatanta kabari, ta rufe da gargaɗi, domin aikinta ta gyara halin mai sauraro. Haiku ba ta ɗauki wannan aiki ba. Ta kan kai mutum wurin ne ta tsai da shi, ta yi shiru. Kowace hanya da amfaninta, sai dai wanda ya nemi gargaɗi a haiku zai koma hannu wofi, ya ce an cuce shi.

Yosa Buson, wanda aka haifa a 1716, mai zane ne kuma mawaƙi, idonsa kuma ya fi na Basho son launi. Yana da wata waƙa a kan mutumin da ya taka matajin matarsa marigayiya a ɗakin kwana, sanyin kaka ya ratsa shi. Ba a ambaci kuka ba, ba a ambaci kewa ba, tafin ƙafa ne ya ji haƙoran mataji a cikin duhu. Abin mamaki, sa'ad da ya yi waƙar matarsa tana nan da ranta, har ma ita ta yi masa takaba. Waɗansu su kan ji haushin haka, su ce ashe ƙarya ce. Wannan ƙorafi bai da ƙarfi. Ba rantsuwa Buson ya yi a gaban alƙali ba, hoto ya zana, kuma duk wanda ya taɓa cin karo da kayan mamaci a inda bai zata ba zai shaida hoton ya yi daidai. Ga waƙa guda wadda ko an cire sunan mai ita ba abin da zai ragu, domin duk abin da a ke bukata yana cikinta.

Ta Kobayashi Issa ba haka ta ke ba, ita ce kuwa ta fi cancanta a daɗe a kanta. An haife shi a 1763 a ƙauyen Kashiwabara, cikin duwatsu masu ƙanƙara. Uwarsa ta mutu yana ɗan yaye, bai ji daɗin matar ubansa ba, aka tura shi Edo neman abinci yana ɗan shekara 14. Bai yi aure ba sai a 1814, ya haura hamsin. Ya bar haiku wajen 20,000, da yawansu a kan ƙuda da ƙuma da katantanwa da 'yan tsuntsaye, yana yi musu magana kamar maƙwabta. A cikinsu akwai shirme ba kaɗan ba, gama mai yawan zuba ba ya rasa tsaki. A 1818 aka haifa masa 'ya mace, Sato. Ta fara tsayawa, ta fara tafi da dariya, sai agana ta kama ta, ta rasu a 1819 tana 'yar shekara guda da kaɗan. Ya rubuta labarin a littafinsa Oraga Haru, ya kwatanta yadda uwar ta rungume gawar, ya rufe da haiku.

A cikin wannan waƙa ya ɗauko raɓa, wadda a koyarwar addininsa ita ce misalin duniya, tana kan ganye da asuba, kafin hantsi babu ita. Ya faɗi misalin, ya sake faɗinsa, kamar mai nanata karatun da ya haddace don ya lallashi kansa. Bugu 12 sun tafi a wannan. Biyar da suka rage sai ya sa kalmar togaciya, irin wadda mutum ke yi in baki ya yarda da magana zuciya ba ta bi ba, bai kuwa ƙarasa jimlar ba. Bai ƙaryata koyarwar ba, gama shi mai riƙo da ita ne har ya mutu. Bai kuma yi kamar ta warkar da shi ba. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya ji masu gaisuwa suna ba da haƙuri, mai rashi yana amsawa da kalmomin da suka dace, idonsa na kallon ƙasa, ya san wurin da Issa ya tsaya. A nan gajartar haiku ta yi amfanin da tsawo ba zai yi ba. Da yana da baiti arba'in a gabansa da sai ya cika su, ko da musu ko da miƙa wuya, kowanne kuwa da ya rage gaskiyar abin. Ma'auni ya ƙare masa daidai inda magana ke ƙare wa uba. 'Ya'ya huɗu matarsa Kiku ta haifa masa, duk suka mutu suna ƙanana, ita ma ta rasu a 1823. A 1827 gobara ta cinye gidansa, ya koma ɗakin ajiya na ƙasa, a nan ya mutu a farkon 1828. 'Yar da ta rayu ta ci gaba da gidan bayan mutuwarsa aka haife ta.

A nan dole a ba Kuwabara rabin gaskiyarsa. Wanda aka miƙa wa waƙar raɓa a takarda tsirara, bai san Sato ba, bai san abin da raɓa ke nufi a can ba, zai iya wuce ta kamar maganar kasuwa. Haiku tana dogara ga abin da ke kewaye da ita fiye da sauran waƙoƙi, kuma gaskiya ne sauƙin ma'auninta ya sa dubban mutane na jera wata da fure da raɓa ba tare da sun ga ko ɗaya da idonsu ba. Inda hujjarsa ta yi rauni shi ne, waƙar tun asali ba a yi ta don ta tsaya tsirara ba. A cikin taro aka haife ta, Basho da Issa kuma a cikin labari suka dasa mafi kyawun nasu. Wanda ya tumɓuke shuka ya ga ta yi yaushi bai tabbatar da cewa ba ta da rai ba. Sa'an nan waƙoƙin zamaninsa ya gwada. Da ya sa ta mataji a cikin jerin, da wuya a ɗauke ta aikin ɗan koyo.

Akwai tsohuwar al'ada a Japan, mutum in ya ga ajali ya matso ya kan bar waƙar ban kwana. Ta ƙarshe da Basho ya yi, kwana huɗu kafin mutuwarsa a Osaka, a kan ciwo a hanya ce da mafarki mai yawo a busasshen fili. Jiki ya kwanta, matafiyin bai tsaya ba. Amma wanda ya kai wannan al'ada matuƙa shi ne Shiki, mutumin da ya raɗa wa haiku suna. An haife shi a Matsuyama a 1867. Ya fara aman jini yana saurayi, shi ya sa ya ɗauki laƙabin Shiki, sunan wani tsuntsu da a ke cewa yana kuka har ya tofar da jini. Mutum ne mai kaifin baki: a 1893 ya rubuta cewa yawancin waƙoƙin Basho ba su da kyau, ya ɗaga Buson, ya ce wa almajiransa su bar kwaikwayon tsofaffi su zana abin da ke gabansu kamar yadda ya ke. Tarin fuka ya shiga ƙashin bayansa, ya yi shekaru a kwance a wani ɗan gida a Tokyo, abin da ke gabansa bai wuce lambun da ya ke hange daga shimfiɗa ba.

A lambun nan akwai rumfar soso, irin wanda a ke wanka da shi. Japanawa su kan yanke kararsa su tari ruwan da ke ɗiga, su sha don ya tsinka majina, kuma sun ɗauka wanda aka tara a daren da watan kaka ya cika ya fi magani. Ran 18 ga Satumba 1902 Shiki yana kwance rigingine, ƙanwarsa ta riƙe masa allo da takarda, aka miƙa masa alkalami, ya rubuta haiku uku yana hutawa a tsakani. Duka ukun soso ne kalmar lokacinsu. A ta farko ya dubi kansa kamar wanda ya riga ya zama gawa, soso na fure a waje. A ta biyu ya auna majinarsa da babban ma'aunin ruwa, har da ɗan ba'a. A ta uku babu ko ambaton ciwo: abin da ya lura da shi kawai shi ne daren cikar wata ya wuce shekaranjiya, ba a tari ruwan ba. Ya saki alkalamin, bai sake rubutu ba. Ya mutu cikin daren, kafin asubar 19 ga wata, yana da shekara 34. Mawaƙan haiku na kiran ranar tunawa da shi Ranar Soso, sunan kuma ya shiga littattafan saijiki a cikin kalmomin kaka.